Ledar Ƙasan Rami

Ranar da ta fara ganinsa, yana durƙushe cikin rami a kan tudun bayan gonarsu, yana kankare ƙasa da cokalin magina.

"Malam, da ɗan wannan za ka gama tudun?"

Ya ɗago yana murmushi. "Masu ganuwar nan sun jira shekara dubu uku, ba sa sauri."

Tun rasuwar mahaifiyarta daga ita sai Baba a gidan, shi kuwa magana tsada take masa. Sai ta shiga hawa tudun kullum, tana taya shi da abokan aikinsa, masu binciken kayan tarihi, wanke fasassun tukwane. Ta sa masa suna Mai Cokali, shi yana ce mata Auta.

Ya nuna mata ƙofar ganuwar, da murhun da wutarsa ta mutu tun ba a san rubutu a yankin ba. Ya ce ramin da za su dawo wa, leda suke shimfiɗawa a ƙasansa kafin su cike shi. Wanda suka gama da shi kuwa, ƙasa kawai.

Da ya turo manya, Baba ya ce, "Mai haƙa rami ya cike ya yi gaba? Ba ni da 'yar ba shi. Kada ya ƙara kiranta."

Damina ta kawo kai, suka tattara. Saƙo ɗaya ya turo: "Auta, ba zan ƙetare maganar Baba ba. Amsata tana ramin ƙofa."

Ta hau ta tarar an cike shi tas. Ta ce shi ke nan, ya binne zancen. Wata uku tana zama kan ganuwar ita kaɗai, kewa na cin ta, ciyawa na rufe wurin.

Ran nan tana shanya sai maganar ledar ta faɗo mata. Ta sungumi fartanyar Baba ta yi tudun. Baba kuma ya biyo sawun fartanyarsa, ya same ta ta tone ramin har ƙotar ta karye, ga ta zaune cikin taɓo, hannunta riƙe da gefen shuɗiyar leda, tana kuka.

Ta yi masa bayani. Ya leƙa ramin.

"Manomi ma ba ya rufe iri ya manta da gona," ya ce. "Kira shi."

Ta rubuta: "Mai Cokali, na ga ledar."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka, sannan ya ce ango ya biya shi ƙotar fartanya.