Numfashi a Cikin Bango

Ana gab da kiran magariba Auta ya koma gidan da ya kama wa Inna haya, don ya ɗauko sifanar da ya manta a ɗakin boila. Abin da ya kai shi ke nan, tsohuwar sifanar kwance noti guda, wadda ko a bola aka yar ba mai sunkuyawa ya ɗauka.

Auta ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakin uwarsa shi Auta ne, har abokan aiki suka ɗauka. Sana'arsa haɗa bututun boila, wato injin nan mai cin gas da ke ɗumama ruwa da ɗakuna. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, nan ne ma matsalar take. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya sha karatu. Boila hanci biyu gare ta, in ji shi, ɗaya na shaƙo iska mai kyau daga waje, ɗaya na fitar da hayaƙi. Faɗin bututu, da tsawonsa ake auna shi, da yawan kwanar da zai sha, domin kowace kwana tana rage ƙarfin iska. Bakunan biyu kuma a nisanta su a waje, kada inji ya shaƙi abin da ya amayar.

To, ranar nan dai gwani ya yi son jiki. Sanyi ya shigo, gwiwoyin Inna sun kumbura, yana so ta kwana cikin ɗumi. Ya huda bango ya fitar da bututun hayaƙi, kafaɗunsa suka yi tsami, don ginin tsoho ne mai kaurin tsiya. Da ya juyo zai huda na biyu, na shaƙar iska, sai ya ga wani rami a ƙasa, bayan wata ruɓaɓɓiyar kanta, zagayayye, bakinsa sumul kamar ana goge shi kullum. Ya kara tafin hannu ya ji iska. Bai zagaya waje ya ga inda ramin ya ɓulla ba, abin da da wani ne ya yi, da sai ya yi masa tas. Ramin ya yi wa bututun kaɗan, sai ya rage bakin bututun, ya cusa, ya liƙe gefen da siminti. Ya kunna, wuta ta kama shuɗiya. Ya yi wa Inna sai da safe, ya tafi yana yabon kansa.

Ɗakin boilar yana ƙarƙashin matakala, daidai ƙasan ɗakin Inna. Daga sama yana jiyo rediyonta na magana a hankali. Ya ce bari ya ɗauki sifana tukuna, sannan ya hau ya gaishe ta.

Yana tura ƙofa wari ya tare shi. Ba warin gas ba ne, wannan ya san shi ko cikin barci. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, haɗe da ƙarnin nono, irin na zanen goyo.

Ƙarar injin ma ta canza. Tana hawa, ta sauka. Ta hau, ta sauka.

Ya durƙusa ya leƙa ta ɗan gilashin da ake ganin wuta. Ta koma rawaya, ta kwanta gefe guda tana lilo. Wuta rawaya na nufin inji ba ya samun iska, kuma abin da yake fitarwa a wannan hali guba ce marar wari, mai sa mutum barcin da ba a tashi.

Ya kama makunnin gas zai kashe. Ya ƙi juyawa. Ya sa hannu biyu, ko gezau.

Sai ya yi abin da kowane mai sana'ar ke yi. Ya buɗe ɗan murfin da ke jikin bututun shaƙa, ya tsinko zare daga bakin rigarsa, ya riƙe a bakin. Kamata ya yi zaren ya karkata wajen inji ya tsaya a nan.

Zaren ya karkata wajen inji. Ya tsaya. Ya juya wajen bango.

Ya dawo. Ya koma.

Iskar da ke taɓa yatsunsa ɗumi gare ta.

Ƙofa ta rufe a bayansa, a hankali, kamar wanda ba ya son ta da mai barci.

"Mai bututu."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, daga cikin bututun. Ya ja da baya.

"Ka toshe mana."

"Wa... wace ce?"

"Tun la'asar injinka yake zuƙe mana numfashi. Ɗana ya daina motsi."

"Baiwar Allah, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka duba ba dai."

Injin ya yi wani gurnani. Hayaƙi siriri ya fara tsattsafowa daga mahaɗar bututun da ya liƙe da hannunsa, yana hawa sama, yana bin tsagar silin.

"Uwarka tana sama," in ji muryar. "Ita ma ta yi shiru."

"Inna!" Ya ƙwalla da iya ƙarfinsa. "Inna, buɗe taga!"

Rediyo kawai ke magana.

Ya faɗa wa ƙofa da kafaɗa. Kamar bango ya doka. Kansa ya fara sarawa, ƙafafunsa suka yi nauyi. Ya san alamar, shi da yake koya wa mutane ita.

Sifanar tana nan inda ya bar ta. Ya rarrafa ya ɗauka, ya hau dukan simintin. Simintin ya riga ya kama. Shi ya kwaɓa shi, kuma bai yi masa ha'inci ba.

Ya doka. Ya doka. Fatar yatsunsa ta sale.

"Yi sauri," in ji ta. Yanzu ba fushi a muryar, kuka ne.

Siminti ya tsage. Ya rungumi bututun ya ja. Ya ƙi fitowa. Idanunsa suka fara rufewa.

Sai ya ji ana turowa daga ciki.

Bututun ya fito fit. Wasu yatsu dogaye, masu sanyin ƙarfe, suka zagaye wuyan hannunsa, suka kawar da shi daga bakin ramin. Iska ta wuce ta gefen kunnensa da gudu, ta shige bango.

Shiru.

Shiru har yana jin bugun zuciyarsa.

Can cikin bango, nesa ƙwarai, jariri ya tsala kuka.

Makunnin gas ya juya da kansa, wuta ta mutu, ƙofa ta buɗe.

Da rarrafe ya hau matakala. Ya tarar da Inna a kan darduma, ta kife gefe guda, carbi a hannu. Ya bankaɗe taga, ya sungume ta ya fito da ita waje, yana jijjiga ta yana kiran sunanta na yanka, wanda bai taɓa kiran ta da shi ba tun da aka haife shi. Maƙwabta suka fito. Wani ya kawo mota. Sai da suka hau titi ta yi tari, ta buɗe ido, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai Auta, wane irin kuka ne wannan, da gemunka?"

Washegari, bayan likita ya ce ta tsallake, ya zagaya bayan gidan. Bututun hayaƙinsa na nan ya leƙo. A ƙasa, inda ramin ya kamata ya ɓulla, bango ne lafiyayye, ko tsaga babu. Bai gaya wa kowa ba. Ya huda sabon rami a ɗaya bangon, da faɗin da ya dace, ya wuni yana yi bai yi ƙorafi ba. Tsohon ramin kuwa ya share bakinsa ya bar shi a buɗe. Da matarsa ta ce a cusa tsumma saboda ɓeraye, tsawar da ya yi mata sai da ya koma yana ba ta haƙuri.

Tun daga ranar, a biya shi ko nawa ne, Auta ba ya sa bututu a ramin da ba shi ya huda ba. Wuyan hannunsa na dama kuma bai ƙara yin ɗumi ba, ko da ya jingina shi da boila.

Ya so ya sauya wa Inna gida, ta ce ba inda za ta. Wata rana da yamma ya kawo mata maganin gwiwa, ya tarar ta kashe rediyo, ta karkata kai wajen ƙasa tana saurare.

"Yaron maƙwabtan nan na ƙasa ya fara dariya," ta ce. "Uwarsa ta ce a gaishe ka. Ta ce ka ƙara hankali."