Fiffiken Shamuwa

Ranar da abin ya fara, Furera tana tuƙa tuwo a tsakar gida, ana dab da kiran magariba, a ƙarshen damina lokacin da dawa ta fara sunkuyar da kai. Kaji sun shige akurki, gari ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban murhu. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo. Da ta ɗauka sai ta ji shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, irin dutsen bakin ruwa, alhali babu rafi kusa da gidan.

Gidan Haladu ne, a gefen Lakwaya. Haladu manomi ne, jikan makiyaya, kuma yana da wata ɗabi'a da mutane suka gaji da yi masa tsiya a kanta. Da la'asar, idan maza sun nufi majalisa, shi sai ya haye tsohon kekensa ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gonaki ta gangara fadama. Ba wurin kowa yake zuwa ba, kallo ne kawai. Ya san lokacin da albasar kwaɗi ke fitar da fure bayan ruwan fari, ya san inda duman kada ke shimfiɗa nasa a bakin hanya. Yakan tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallon mulufi ya yi jajir a kan gamba, ko zalaidu yana fama da doguwar jelarsa, har rana ta yi sanyi. Furera kan ce da kallon tsuntsu noma ne, da rumbunsu ya fi na kowa.

A wannan hanya ya tsinci ɗan shamuwa da iska ta jefo daga sheƙa. Kowa ya san shamuwa baƙuwar damina ce, ba a taɓa ta, amma shi tausayi ya ji. Ya kawo shi gida, ƴarsa Ikilima ta raine shi da fara da ƙananan kwaɗi. Da tsuntsun ya girma ya fara gwada tashi, yarinyar ta dinga kuka kada ya gudu. Haladu ya ɗauko almakashi ya datse masa gashin fiffike ɗaya, kamar yadda ake yi wa tattabara. Bai ɗauki abin a bakin komai ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka, a kuma ji fasfas ɗin manyan fikafikai a saman gida, a ɗaga kai ba komai. Sai wata magariba Ikilima ta shiga ɗaki ɗauko fitila, ta juyo za ta fito, ƙafafunta suka ƙi ƙetare bakin ƙofa.

"Inna," ta ce, "ƙafata ta ƙi."

Haladu ya gwada ɗaukarta, ya ji ta kamar an dasa ta a ƙasa. A cikin ɗakin tana tafiya lafiya lau, amma da ta kai ƙofa sai jiki ya sandare. Kwanaki suka shuɗe a haka. A nan take ci, a nan take wanka, a nan take salla. Takan manna fuska a ƙaramar taga ta shaƙi iska, tana jin ƙawayenta suna wucewa makaranta. Da yamma kuma sai ta miƙe ta fuskanci kudu, ta naɗe ƙafa ɗaya, ta tsaya ƙyam ba magana. Furera ta rame don baƙin ciki. Haladu tsoro ya cika shi, ya jingine keke a zaure.

Aka ɗauko Malam Zailani daga wajen Kabo, dattijo mai sanyin murya wanda ba ya gaggawa da komai. Ya iso da la'asar sakaliya, aka gaisa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Haske na janyewa daga bango lokacin da yarinyar ta juyo, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin ƴar mutane?"

"Makiyayiya ce ni. Ni nake kawo shamuwa da ruwan fari, ni nake mayar da su kudu. Garke ya tafi, ƴan'uwana sun tafi. Saura ɗaya." Idanun yarinyar suka koma kan Haladu. "Kai jikan masu sanda, kakanka ya taɓa komawa ruga ya bar maraƙi a daji?"

Haladu ya nuna bayan rumbu, inda ɗan shamuwar yake. "Ga shi can. Don Allah ki ɗauki abinki."

"Da wane fiffiken?"

A bayan rumbu ɗan shamuwar ya buɗe fikafikai, ɗaya dogo ɗaya gundul, ya yi tsalle ya faɗi ta gefe.

"Ni ma a ɗaure nake," muryar ta ce. "Ban taɓa yin rani a ƙasar nan ba. Sai gashin nan ya zube sabo ya fito, sai garke ya dawo, sannan zan motsa."

"Yarinya ba ta riƙe almakashi ba," Malam ya ce. "Wannan zalunci ne. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

"Ci gaba. In na ƙone a cikinta, ba mai kwance ƙafar nan." Sannan ta ce, "Zan fita in zauna kusa da abin kiwona. Amma ba zan yi zaman ɗauri ni kaɗai ba. Wanda ya yanke ya taya ni."

Malam ya ɗaga hannu. "Ba a ba aljani jinginar ɗan Adam. Haladu, kada ka..."

"Na yarda," in ji Haladu.

Malam ya runtse ido, ya yi salati. Ikilima ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa. Wata iska mai warin fadama ta fice ta ƙofar, ta yi bayan rumbu.

Da yarinyar ta farfaɗo ba ta tuna komai ba. Uwarta ta kama hannunta, ta taka, ta sake takawa, sai ga ta a tsakar gida, tana kallon sama tana dariya da hawaye. Furera ta durƙusa tana ta hamdala.

Bayan salla Malam ya yi sallama, Haladu ya ɗaukar masa buta ya bi shi zai yi rakiya. Suka ratsa zaure. Malam ya fita. Haladu ya ɗaga ƙafa a bakin ƙofa, ƙafar ta tsaya a sama, ta dawo inda take. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa. Malam ya waiwayo ya dube shi, ya miƙo hannu ya karɓi butarsa daga waje.

"Allah Ya kawo damina lafiya," ya ce a hankali, ya juya.

Ikilima ta leƙo zauren. "Baba, ba za ka raka Malam ba?"

"Ya san hanya," in ji Haladu. Ya zauna a ƙasa daga ciki, ya jingina da bango kusa da kekensa.