Ƙusoshin da Ke Saman Taga

Insifekta Alkasim bai ko gama shayinsa ba aka kira shi. An sace tablo, wato hoton zanen hannu, a ɗakin baje kolin zane-zane da ke bayan kasuwar Tasawa.

Ya tarar da mai zanen, Lamine, yana ta kai da komowa, zaune ta gagare shi. Tablon na wata yarinya ne mai wushirya, riƙe da ƙwarya. Tablon aka zaɓa ya je gasa Yamai, kuma mota za ta tashi bayan la'asar. In ta tafi babu shi, wahalar Lamine ta bi ruwa.

Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Katakon tablon na jingine, ƙyallen zanen kawai aka cire, ba yanka ba yaga. Alkasim ya duba ƙasa, ko ƙusa ɗaya babu. Sai da ya miƙa hannu saman taga ya sami ƙusoshin da aka zare daga katakon, a tattare cikin murfin kwalba.

Lamine ya rantse Muniru ne, abokin sana'arsa da ba a zaɓa ba.

Muniru ya ce rabonsa da wurin tun Juma'a. Da aka nuna masa sawun motonsa a ƙofa, ya sauko, ya faɗi gaskiya. Ya zo da safe ya ƙara kallon tablon da ya kayar da shi, ya tarar da ƙofa buɗe, an share rabin ɗaki, bango wayam.

"Yallaɓai Insifekta, da ni ne, wuƙa zan sa masa, ba lallaɓawa ba."

Alkasim ya koma kan Lamine.

"Yarinyar ɗiyar wa ce?"

"Daga kaina na ƙago ta."

"Har da wushiryar?"

Lamine ya sunkuyar da kai. Ɗiyar Hafiza ce, mai sharar ɗakin. Ya ɗauke ta hoto a waya tana wasa, bai tambayi kowa ba.

Alkasim ya sami Hafiza a tsakar gidanta, yarinyar kwance kan tabarma, jiki kamar garwashi. Ta ce yau ba ta leƙa aiki ba. Alkasim ya zaro hankici, ƙusa ɗaya cikin na saman tagar ta faɗo kusa da tabarmar. Kafin ya duƙa, Hafiza ta wafce ta, ta ɗora kan katanga.

Suka dubi juna.

"Matata ma haka take yi tun da ɗanmu ya fara rarrafe," in ji shi.

Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙyallen naɗe cikin majanyi.

"Ranka shi daɗe, duk wanda ya shigo sai 'kai, ɗiya kyakkyawa', babu mai cewa tubarkalla. Ina shara ina ji. Ga ta nan kwance. Yanzu kuma a kai min ita ga bakin mutanen Yamai?"

Alkasim ya ce dole su je komisariya, ofishin 'yan sanda, amma likita za su fara biyawa, a duba jinin yarinyar. Hafiza ta goya ta.

A ƙofar komisariya Lamine ya tarye su da gudu, ya miƙo hannu. Alkasim ya matse ƙyallen a hammata.

"Wannan shaida ce. Yau ba ta fita."

Daga tasha aka jiyo motar Yamai tana ta oda. Lamine ya dubi tashar, ya dubi fuskar da ke kwance a bayan uwar, ya sauke hannunsa.

"Tubarkalla," ya ce a hankali.

Alkasim ya nuna wa Hafiza ƙofa, ta shiga.