Zafin Injin Baba Halvard

"Eivind! Ajiye jarkar nan!"

Tun kafin Torunn ta gama turo ƙaramar ƙofar garejin maganar ta kufce mata. Warin fetur ne ya fara tarbarta. Ga babbar ƙofa a rufe ruf, ga saurayin nata a duƙe kan injin share dusar ƙanƙara na mahaifinta Baba Halvard, yana tuttula mai kai tsaye daga bakin jarka, ko mazurari babu.

Ya zabura, hannunsa ya goce. Fetur ya kwarara ta gefen tanki ya sauka kan salansar injin.

Fuu! Sai ga wuta.

"Wayyo Allah! Ja baya!"

Ya yi baya da jarkar yana yarfe hannu, safar hannunsa ta kama. Ita kuwa ba ta san lokacin da ta fizgo tukunyar kashe gobara daga jikin bango ba. Ta feshe injin, ta feshe hannun nasa, ta feshe har inda babu wuta. Sannan ta ɗaga babbar ƙofar da iya ƙarfinta, iska mai sanyi ta shigo ta kori warin.

Garejin nasu a bakin titi yake, gidan kuma yana can ciki, sai an bi doguwar hanya. Dusar da ta kwana tana zuba ta binne hanyar nan har gwiwa. A haka ta ja shi suka keta, tana riƙe da hannunsa, tana kuka tana yi masa faɗa lokaci guda.

A kicin ta buɗe famfo ta tura yatsunsa ƙarƙashin ruwa.

"Sannu... sannu zuciyata. Kar ka cire, bar shi ya sha ruwa."

"Ba komai fa, wutar ɗan lasata kawai ta yi."

"Lasa? Da jarkar ta kama fa? Da yanzu wa zan aura?"

Ya yi ɗan murmushi, bai ɗago ido ba.

Duk kwarin nan an san irin son da Torunn ke yi wa Eivind, an kuma san ta inda ya shigo. Mutanen wurin ba su iya furta so da baki ba, kunya gare su kamar me. Idan mace ta kwanta wa namiji a rai, ba zance zai je ba. Wayar gari kawai za ta yi ta tarar an share mata dusar ƙanƙarar ƙofar gida tas, ba a ce ga wanda ya yi ba. Ranar farko a ce kirki ne. Idan abin ya ɗore, tsofaffi su fara tambayar yaushe ne biki.

Haka Eivind ya yi mata a hunturun da ɓarin jikin Baba Halvard ya shanye. Uwa ta daɗe da rasuwa, yayarta Ingunn tana gidan miji a birni, ita kaɗai ce da tsoho da tulin ƙanƙara. Da shebur ya fara, bawan Allah. Da tsohon ya ga da gaske yake, sai ya miƙa masa mukullin gareji, abin da bai taɓa ba kowa ba. Ya zaunar da shi ya karanta masa dokokin injinsa da harshensa da ya yi nauyi: a waje ake zuba mai, kar a cika tanki har baki, abin da ya zube a goge, kar a tayar da shi a rufaffen ɗaki, idan bututun ya toshe a kashe a sa sanda, ba hannu ba. Aka sa bikinsu tsakiyar bazara mai zuwa.

"Sau nawa Baba ya faɗa maka?" Tana goge hawaye da bayan hannu. "A waje, inji a kashe, sai ya huce tukuna..."

Sai wani tunani ya faɗo mata. Ruwa na ta zuba.

"Eivind."

"Na'am, masoyiyata."

"Me ya kunna wutar?"

"Kamar yaya?"

"Fetur ya zuba a kan salansa ya kama. Salansar da ta kwana cikin sanyi ba ta kunna wuta."

"Au... ai na ɗan tayar da shi ne ya ɗumama."

"A cikin gareji? Ƙofa a rufe? Da hayaƙin ya kwantar da kai kafin in iso. Kuma ni warin mai na ji, ban ji hayaƙi ba."

"Haba Torunn, hannuna na min zugi kina min tambayoyin 'yan sanda?"

"Jiya da yamma ni na zuba masa mai da hannuna. Ina ya tafi?"

"Tsohon inji ne, kin san shi da shan mai..."

Ta sani mana. Abin da take faɗa wa kanta ke nan tun farkon hunturu, duk sanda ta ɗaga jarka ta ji ta yi sakayau. Har tausayin injin take ji, wai tsufa ya kama shi kamar mai shi. Ta leƙa taga. Hanyar gidansu ko taɓa ta ba a yi ba, banda sawun ƙafafunsu. Amma ta ga ƙanƙara a cushe cikin haƙoran injin tana narkewa, da idonta ta gani.

Aka buga ƙofa, aka turo ba a jira izini ba. Borghild ce, nas ɗin da ke zuwa duba Baba kowace safiya, mace mai jiki da surutu, tana haki tana kakkaɓe wando.

"Kai! Yau na sha iyo. Eivind, surukin kirki, an gyara gidan yaya an manta da na amarya? Me ya sami hannun?"

"Gidan wa?" in ji Torunn.

"Gidan Ingunn mana, can saman tudu. Ai ni can nake ajiye mota tun da aka fara zubar nan, in gangaro da ƙafa. Kafin kowa ya tashi tata ƙofar ta zama kamar an lashe. Ɗazu ma, kafin in zaga sauran marasa lafiyata, na ga injin a ƙofarta, na ce bari in gaisa, sai na ga ba kowa a waje, na ce to ana ciki ana shan gahawa. Mu ga ƙunar..."

Sai a nan ta lura babu wanda ke dariya. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta haɗiye sauran maganarta.

"Bari in... in je wajen tsohon."

Ba ta yi nisa ba, don tsohon yana bakin ƙofar falo a kan kekensa na marasa lafiya. Tun ihun farko ya turo kansa da hannu ɗaya. Kujerar Baba Halvard kullum a gaban tagar da ke kallon titi take, Torunn ce ma ke ajiye shi a wurin tun da duhun safiya, don ba ya iya dogon barci.

"Baba..." muryarta ta karye. "Kana gani?"

Leɓensa ya yi ta rawa kafin magana ta fito.

"Kullum... sama yake yi."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

"Ke tawa... ita ma tawa."

Borghild ta juya keken a hankali ta shige da shi, ta ja ƙofa.

Torunn ta kashe famfon. Ba ta taɓa sanin baƙin ciki na da nauyi haka ba. Ingunn! Yayar da aurenta ya mutu a kaka, ta dawo da akwati biyu da kumburarrun idanu. Torunn ce ta share mata tsohon gidan kakarsu, ita ta kunna mata murhu, ita ta kwana da ita tana lallashi.

"Tun yaushe?"

"Ki saurare ni, don Allah. Tausayi ne ya fara kai ni. Mace ita kaɗai, ba inji, ba mai taimako..."

"Da tausayi ne da ka faɗa min, da ni zan riƙe maka jarkar. Tun yaushe?"

"Tun... tun zubar farko."

"Kana shiga ciki?"

Ya kawar da kai.

"Eivind, kana shiga?"

"Ban shirya haka ba, na rantse. Ke kullum kina kan Baba, wanka, magani, abinci. In na zo ba ki da lokacina. Ita kuma..."

"Kar ka ƙarasa!" Ta ɗaga masa hannu. "Kar ka kuskura ka ɗora wa tsohon nan. Da injinsa ka je. Da man da na zuba da hannuna ka je. Ka gama, ka dawo ka rufe ƙofa kana ɗura wani man a inji da zafinsa don kar in gane. Ka gwammace ka ƙone garejin ubana da ka dube ni ka faɗi gaskiya!"

"Ina son ki, Torunn. Ke zan aura, ba abin da ya canza..."

"Kai ma ka san ƙarya kake. A garin nan aka haife ka. Ka san abin da ake nufi in namiji ya share ƙofar mace kafin gari ya waye. Da shi ka same ni, ka manta?"

Ta miƙa tafin hannu.

"Mukullin Baba."

"Zuciyata..."

"Mukullin!"

Ya laluba aljihu da hannu mai lafiyar ya ajiye mata. Ta zare zoben da ke yatsanta ta ɗora masa a madadinsa. Ko a lokacin, don tsabar wautar so, sai da ta ji bakinta na cewa,

"Ka tsaya Borghild ta ɗaure maka hannun kafin ka tafi."

Ta zari rigar sanyinta ta fita.

Daga titi zuwa ƙofar Ingunn aiki ne na gwani. Hanya miƙaƙƙiya, gefe da gefe a yanke kamar da wuƙa, an juya bututun yadda dusar ba za ta faɗa kan tagogi ba. Har gaban rumbun itace an share mata, don kar ta jiƙa ƙafa in za ta ɗebo na murhu. Torunn ta tsaya tana kallo. Ita tun da take, bai taɓa share mata gaban rumbu ba.

Ingunn ta buɗe ƙofa da murmushi, sai murmushin ya mutu a fuskarta.

"Lafiya? Baba ne?"

"Baba lafiya lau. Ya gaishe ki. Ya ce ke ma tasa ce."

Ta wuce ta ciki. Kofuna biyu a kan tebur, ba a ko ɗauke ba. A gefe kuma, shimfiɗe kan doguwar kujera, ga rigar bikinta, baƙin ulu mai aikin zare ja da kore irin na kwarinsu, allurai a soke a bakin hannu. Ingunn ce ta ce ba wanda zai ɗinka wa ƙanwarta rigar aure sai ita.

"Torunn, zauna mu yi magana..."

"Yaya, da wane hannun kike ɗinkin? Wanda kike riƙe shi da shi, ko ɗayan?"

Ingunn ta sulale ƙasa ta fashe da kuka.

"Ban kira shi ba! Na rantse ban kira shi ba. Tashi kawai na yi na ga an share min. Kin san tsawon lokacin da na yi ba wanda ya yi min komai? Na ce gobe zan kore shi, goben ta zo na ce gobe..."

"Kina auna ƙuguna kina tambayata ko ya matse ni."

"Ki yafe min, ƙanwata. Ki mare ni, ki zage ni, kar dai ki yi min wannan kallon. Zan koma birni, yau ɗin nan zan tafi!"

"Ba inda za ki. Baba ba zai iya rasa ɗaya daga cikinmu ba, shi ya sa ya yi ta haɗiye abin nan shi kaɗai. Ranar Lahadi za ki zo cin abinci kamar kullum, ki zauna kusa da shi, ki yanka masa nama. Ni ce dai ba ki da ita kuma."

Ta juya za ta fita. Ingunn ta rarrafo ta kama gefen rigarta.

"To... to rigar fa? Saura kaɗan in gama..."

Torunn ta waiwaya ta dubi rigar. Ta shafa aikin zaren da yatsa, kyakkyawa ne ƙwarai, yayarta ta iya ɗinki.

"Ki ƙarasa," ta ce a hankali. "Sai dai ki sake mata ƙasa. Kin fi ni tsawo."

Ta ja ƙofar ta rufe.

Ba ta yi kuka ba a shararriyar hanyar Ingunn, ba ta yi a titi ba. Sai da ta iso bakin hanyar gidansu, ta jefa ƙafa cikin dusar ta nutse har gwiwa, sannan kukan ya ƙwace mata. Can a taga Baba Halvard ya ɗaga hannunsa mai motsi ya manna a gilashi, yana jiran ta ƙaraso.