Kujerar da Aka Cire wa Igiya

Ana gab da magariba Bakanike ya ja ƙofar garejinsa, ya rataya sabon bel a kafaɗa, ya nufi silimar unguwa. Bel ɗin janaretansu ne ya zaizaye, Manaja ya aiko har ya gaji. Aikin da bai kai a cire riga ba.

Wanda bai tashi a unguwar ba zai ga tsohon gini ne kawai: fankoki masu kuka fiye da iskar da suke bayarwa, kujerun katako masu naɗewa da ke cizon gefen riga, ƙasa duk ɓawon gyaɗa. Amma a farin bangon nan yaran unguwa suka fara ganin teku. A nan direba da malamin asibiti da mai wanki suke yi wa jarumi ihu baki ɗaya, "Bayanka! Waiwaya!" kamar yana jin su. In fim ya tsinke a yi ta buga kujeru, sai Baba Mai Inji ya leƙo ta ƴar tagarsa ta sama ya ce, "Wanda ya ƙosa ya hawo ya liƙe da kansa." A kwashe da dariya. Mutum ya shiga da baƙin cikin yini, ya fito ya manta inda ya ajiye shi.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma kowa ya san ta. Kujerar ƙarshe ta layin baya, wadda ke jikin bango, ba a zama a kanta. Tun zamanin wanda ya gina silimar aka ɗaure hannuwanta biyu da jar igiya. Tsofaffi sun ce filin da mai shi tun kafin a aza tubali, ba ɗan Adam ba. Da ya ga majigi sai ya yi sha'awa, ya ce a bar masa wurin zama ɗaya, shi kuma ya bar wa mutane sauran. Igiyar tana hana mutum shiga, tana hana mai filin fitowa. Kwanakin baya Manaja ya kawo masu fenti, suka tsinke ta suka jefa a shara. An gaya masa a mayar. Ya ce gobe. A riƙe wannan goben da kyau, don za a dawo kanta.

Bakanike ya san dokar tun yana ɗan gajeren wando. Amma ran nan ba ita ce a ransa ba. Matarsa ce.

Mai kitso ce, ba ta tashi sai ta gama kan ƙarshe, shi ya sa kullum a makare take shiga silima, ita da ƙanwarsa. Kujerun da ake gudu su suke samu, biyun da ke maƙwabtaka da ta jikin bango. Shekara da shekaru haka, ba abin da ya taɓa faruwa. Sai kwanan nan ta fara dawowa da wani ƙamshi a mayafinta, ba na man kitso ba, ba turaren da ya saya mata ba. Tana wanke kwanoni tana murmushi ita kaɗai. Ta daina ba shi labarin fim, ita da a da sai ya yi barci ya bar ta tana yi.

Ya titsiye ƙanwarsa.

"Yaya, wallahi ba kowa a gefenta," in ji ta. "Abin da na lura kawai, takan riga kowa dariya. Kamar an raɗa mata abin da zai faru."

"Wa ke raɗa mata?"

"To ni na sani? Ka zo ka gani mana, kai da ka fi son warin baƙin mai."

Yau kuma da ya zo wucewa ta teburin mai shayi da ke ƙofar silima, sai mai faci ya ɗaga kofi ya ce, "Bakanike, sannu da gyaran injin mutane! Naka na gida wa ke duba maka?" Benci ya ɗauki dariya. Maganar ta shige shi kamar ƙusa a taya: ba ƙara, sai iska na fita a hankali.

Ya zagaya bayan gini, ya cire tsohon bel, ya sa sabo, ya ja igiyar janareta. Injin ya tashi lafiya lau. Ya rataya tsohon a wuya, ya goge hannu. Aiki ya ƙare, gida ya kamata ya tafi.

Sai ya tura ƙofar gefe.

Ciki duhu. Warin sabon fenti, zufa, soyayyar gyaɗa. Hasken majigi na ratsa saman kawuna, ƙura na iyo a cikinsa. Ya tsaya har idonsa ya saba, sannan ya dubi layin baya.

Ga ƙanwarsa, idonta a bango. Ga matarsa. Kanta a karkace wajen hagu, hannu a baki, kafaɗunta na rawa. A fim kuwa ba a yi abin dariya ba tukuna. Sai da aka ɗan jima ɗakin ya fashe.

Kujerun gidan, in ba kowa a kansu, naɗewa suke yi. Ta jikin bango a buɗe take.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma kishi ba ya karatu, tsallake layi yake yi. Abin da ya zo masa shi ne: wani ya hango shi ya sulale. Ya kutsa tsakanin gwiwoyin mutane, ana tsaki, ana "Malam, a hankali mana."

"Yaya!" ƙanwarsa ta raɗa, ta kama gefen rigarsa. "Yaya, kar ka..."

Ya fizge. Ya zauna.

Kujerar da ɗuminta. Ya ji wani daɗi mai ɗaci: ashe zarginsa ba ƙarya ba ne.

"Ina ya shiga?" ya ce da matarsa ƙasa-ƙasa. "Ke nake tambaya."

Ba ta waiwayo ba.

Ƙamshin nan ya taso. Ba daga mayafinta ba. Daga katakon da ke bayansa.

Sai janareta ya mutu.

Kunnen bakanike ba ya kuskuren wannan. Ya ji shi ya yi tari, ya shaƙe, ya yi shiru. Fankoki suka rage gudu. Hasken tagar Baba Mai Inji ya ɗauke. Mutane suka fara buga kujeru, amma ƙarar daga nesa take zuwa, kamar yana ƙarƙashin ruwa.

Bango bai yi duhu ba.

Hoto na nan, tar. Ba fim ɗin ɗazu ba. Wata yarinya ce a layin baya, da kitso biyu, tana dariya har da hawaye. Ya san wushiryar nan. Hoton ya juya: ita ce dai, ta zama budurwa. Ya juya: da ciki. Ya juya: da goyo, tana jijjiga shi tana dariya. Kullum ta gefen hagu aka ɗauke ta. Kullum daga kusa.

Daga kujerar da yake zaune.

Wani nauyi ya sauka a cinyoyinsa. A hankali, kamar mai zama wurin da ya saba. Ya danne ƙirjinsa da bayan kujera. Haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi ɗaguwa.

Numfashi mai sanyi a kunnensa na hagu.

"Kai ne mijin?"

Muryar ta ci gaba.

"Ka san wannan dariyar? Ranar gyaɗa ta shaƙe ta. Ni na buga mata baya. Kana ina?"

Hoton ya juya.

"Wannan fa? Ranar ta shigo da kuka, ta fita da waƙa. Kana ina?"

Yana gareji. Ya sani. Kullum yana gareji. Kuma abin mamaki, abin da ya fi cin sa shi ne wannan fuskar da ke bango. Bai taɓa ganin ta haka ba.

"Ni ban taɓa makara ba," in ji muryar. "Igiya ce kawai ta hana ni magana. Yau kuma ka kawo kanka. Ka so wurina, na ba ka. Riƙe kujerar. Ni zan raka ta gida."

Matarsa ta miƙe. Ta gyara mayafi. Ta miƙa hannunta na hagu cikin iska, yatsu a buɗe, ta yi murmushin da rabonsa da shi tun suna sabon aure.

"Mu je, Baban yara," ta ce.

Ba shi take kallo ba. Sama da kansa take kallo.

Nauyin ya fara karkata wajenta. Cinyarsa ɗaya ta yi sauƙi. Ƙafafunsa kuwa sun fara ƙagewa, sun yi tauri kamar katako.

Duk wanda mota ta taɓa zame wa daga jek ya san ba a ture ta sama. Zamewa ake yi.

Ya saki numfashi duka. Ya sulale ƙasa.

Fatar bayansa ta tafi da gefen katako. Nauyin ya faɗa cikin kujerar, tim. Ya fizgo tsohon bel daga wuyansa, ya zura a hannun kujera na dama, ya ja da duk ƙarfin da ya rage masa, ya maƙala a na hagu.

Bel ɗin ya miƙe.

Ya yi ƙara kamar ana yanka ƙarfe.

Warin ƙonannar roba.

Amma bel ɗin ya riƙe.

Bango ya mutu. Hayaniya ta faɗo masa a ka lokaci ɗaya: buga kujeru, fito, muryar Baba Mai Inji daga sama, "Wa ya gyara mana injin nan ne, mai ɗinkin takalmi?" Wani ya kunna tocila.

"Baban yara?" in ji matarsa. Hannunta har yanzu a miƙe. "Me kake yi a ƙasa? Yaushe ka shigo?"

Ita da ƙanwarsa suka fitar da shi, kowacce da kafaɗa ɗaya.

Ya daɗe kafin ya taka da kyau. Kunnensa na hagu kuwa bai dawo ba. Washegari Manaja ya sa wa silima kwaɗo, ya ce Bakanike ne ya lalata masa janareta, alhali an duba an ga bel ɗin sabo ne kuma daidai yake zaune. Ƴan teburin mai shayi kuma suka ɗora nasu, wai ya kama matarsa da wani a layin baya. Masu zuwa kitso suka ragu. Mace mai neman halalinta da yatsunta, an shafa mata baƙin fenti a kan sakacin wani.

Wannan ba daidai ba ne, kuma gyaransa ba wuya. Mai faci da ƴan bencinsa su je ƙofar gidan nan da rana tsaka, su ba ta haƙuri da murya irin wadda suka yi dariya da ita. Manaja ya janye ƙaryar janareta. Ya cire kwaɗo, domin silimar ta girme shi kuma ba shi kaɗai ke da ita ba. Yaran unguwa na nan suna leƙen ramin mukulli, ba su taɓa ganin teku ba. Amma kafin komai, ya sayi jar igiya mai kauri ya ɗaure kujerar nan. Yau, ba gobe ba.

Bakanike yanzu da wuri yake rufe gareji. Yakan zauna a gefen hagunta tana tsefe kan ƴarsu, ya yi ta ba ta labarin direbobi da shirmensu. Tana dariya, har wushiryar ta fito. Ya fara sanin fuskar nan da kansa.

Sai dai shekaranjiya yana tsakiyar labari, bai kai wurin abin dariyar ba, ta riga shi.

Bel ɗin da ke kujerar tsoho ne. Shi ya sa aka cire shi tun farko.