Iyakar da Aka Gusar a Dingaya

A bakin gonar mahaifinta da ke Dingaya Munira ta fara ganinsa. Ta taso daga firamaren da take koyarwa, ta biyo da furar Baba, sai ta tarar da wani baƙon saurayi riƙe da doguwar sanda mai farin faifai a samanta, yana duban wata ƙaramar na'ura.

"Malam, kifi ake nema a tudu?" ta tambaya tana danne dariya.

Ya ɗago, suka haɗa ido. Ya ce, "Taurari nake sauraro."

"Da rana tsaka?"

Sunansa Jamaluddeen, ɗan Birnin Kudu, ma'aikacin awon filaye. Ƙungiyar manoman yankin ce ta ɗauko shi tare da abokinsa Barau, su auna gonaki a ba kowa taswirar tasa. Ya yi mata bayani cewa da can na'urar GPS takan yi kuskuren taku da yawa, amma an harba sabbin taurarin ɗan'adam masu aiko da sabuwar sigina ta farar hula, kyauta ga kowa. Da ita da gyaran da suke yi, kuskuren awonsu ba ya wuce taƙi.

Mahaifinta, Malam Jafaru, ya miƙa masa ludayi. Kafin furar ta ƙare, Jamalu ya san zai je gidansu ba don awo ba.

Ya nemi izini, aka ba shi. Barau ne ke goyo shi a babur zuwa zance, don tun firamare tare suke, ɗaki ɗaya suke haya. Munira har Yaya Barau take ce masa. Ranar da ba su haɗu ba, waya ke ɗaukar saƙo.

"Hasken idona, yau muna Kiyako. Na'ura ta nuna mini inda nake, amma zuciyata ta ƙi yarda, ta ce tana Dingaya."

"To ka ce mata ta zauna, ana kula da ita. Ka ci abinci, Jamaluna."

Ana cikin haka aka tura Jamalu Dutse ƙarin horo a kan sabbin na'urori. Barau ya ƙarasa haɗa taswirorin Dingaya shi kaɗai. Da Jamalu ya dawo, ya sa musu hannu bai duba ba. Me zai duba a aikin Barau?

Da aka raba taswirori, fadamar bakin rafi da Malam Jafaru ya gada, inda yake noman tumatir da rani, ta faɗa cikin gonar maƙwabcinsa Alhaji Maikuɗi, kawun Barau. Washegari leburorin Alhajin suka kafa turaku.

Barau ya riga kowa zuwa jaje. "Baba, ni kaina na yi mamaki. Amma ga sa hannun Jamalu nan."

Malam Jafaru ya kira 'yarsa. "Yaron nan ya zauna a zaurena, ya ci tuwon gidana. Kada in ƙara ganin ƙafarsa a nan."

Munira ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki, ta rubuta wa Jamalu:

"Ni na ce wa Baba ya saki jiki da kai. Ni na raka ka har bakin rafin na nuna maka inda kakana ya kafa iyaka. Ashe tsani ka yi da ni. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗaga ba. Ya rubuta, ba amsa. Bai gama gane kan lamarin ba sai da ya ji cewa manyan Barau sun je Dingaya neman auren Munira.

A tsakar gidan hayarsu ya sami Barau yana wanke babur.

"Barau, kai ka gusar da iyakar?"

Barau bai ɗago ba. "Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar babana. Ya ce in yi. Kai da za ka ƙi?"

"Ita kuma Munira?"

"Na riga ka ganinta, Jamalu. Kullum ni ke kai ka, in zauna a kan babur kamar mai gadi. Ka taɓa tambayata abin da ke raina?"

Jamalu ya ce, "Da ka faɗa mini, da mun san yadda muka yi. Sai ka sa hannuna ya yanki mutumin da ya yarda da ni."

Wurin dagaci ya wuce, ya roƙi a sake awo a gaban jama'a. Da hantsi aka taru a bakin rafi. Dattawa suka nuna tsohuwar iyaka, Malam Jafaru da kansa ya riƙe sandar a kanta. Abin da na'ura ta karanta da abin da ke taswira suka yi hannun riga.

"Ai na'ura ce, ta yi kuskure a karon farko," in ji Alhaji Maikuɗi.

"Da can ana iya fakewa da haka, Alhaji," Jamalu ya ce. "Yanzu siginar nan ta kowa ce. A ɗauko ma'auni daga duk inda ake so, nan zai tsaya. Hannu ne ya gusar da iyakar." Ya juya ya durƙusa gaban Malam Jafaru. "Baba, ban gusar ba, amma na sa hannu ban duba ba. Wannan laifina ne."

Aka tuge turakun. Ƙungiya ta sallami su biyun daga aikin, Barau ya tattara ya tafi Kano ba sallama.

Malam Jafaru ya riga 'yarsa saukowa. Ita sai da aka yi girbi kafin ta yarda ta fito zaure. Ta zauna nesa da shi, idonta a ƙasa.

"Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba," ta ce. "Amma ka sani, na yi kuka kamar ka yi ɗin. Wannan kukan ba ya gogewa da wuri."

"Ba na gaggawa, Hasken idona. Ni ma har yanzu in na ji ƙarar babur sai in zaci Barau ne."

Ta ɗago a karon farko, ta ga yadda ya rame. "Ashe mu biyu aka cuta."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Dingaya, lokacin Jamalu ya samu wani aikin awon a Birnin Kudu. Ƙaninsa ne ya tsaya masa abokin ango. Da aka kai amarya, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Barau ce: "Allah ya sanya alheri."

Ya miƙa wa Munira. Ta karanta, ta mayar masa.

"Ka ce amin, Jamaluna. Amin kawai."

Haka ya rubuta. A waje Malam Jafaru na sallamar 'yan rakiya, muryarsa na shigowa ta taga: Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya haɗa su da masu riƙon amana. Su biyun suka amsa tare.