Dodon Da Ke Dafa Miya

Ranar da Nuriyya ta fara tsayawa a bakin shagonsa na cajin waya da tura finafinai a Gwarzo, Ƙasim na zaune yana fifita da kwali, don tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi ba ya tada janareto sai la'asar.

"Sannu da aiki, Malam. Kana da anime?"

"Mene ne kuma haka?"

"Katun ɗin Japan."

"Oho, akwai na takobi, akwai na dambe."

"A'a, wanda ba a faɗa nake so."

Ya ɗago ya dube ta, daga nan lissafi ya ƙwace masa. 'Yar Kabo ce, ta zo wurin yayarta. Ya nemo mata abin da ta ce, ya karɓi lambarta da sunan zai sanar da ita in sabo ya fito.

Tana tafiya ya kunna. Wani ƙaton dodo ne mai fukafukai a wani ƙauye gindin dutse, yana dafa wa matafiya miya. Ƙasim ya gyara zama yana jiran ya cinye wani. Dodo ya yanka albasa, ya shanya wanki, hadari ya taso ya kwashe. Shi ke nan fa, fim ya ƙare.

Ya tura mata saƙo: "Don Allah ki yi haƙuri, ina jin rabi na tura miki. Babu abin da ya faru a ciki."

Ta amsa: "Cikakke ne. Kullum ana tashi da labarin wani abu ya ƙara tsada, wani ya rasa aiki. In na kunna wannan sai in ga gidan da aka dafa abinci ya ishi kowa, ba mai ɗaga murya. Hankalina kwanciya yake."

Ya karanta ya sake karantawa. Fim dai bai gane ba, amma yarinyar ta gama shiga ransa.

Wasa-wasa hira ta yi nisa, ya koma kiranta Hasken Kabo, ita kuma tana ce masa Mai Caji. Wata rana, bayan ta koma Kabo, ta ce kakarta, Inna Hajaratu, na son kallon, sai dai ba ta iya karanta rubutun Turancin da ke ƙasa.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Ni zan fassara mata da muryata."

Kaico, Ƙasim. Turancinsa bai wuce na cinikin memori ba. Sai ya riƙa duban bakin dodo yana saka masa abin da ya ga ya dace: "Yau kam daddawa ta yi ƙaranci." "Wa ya taɓa mini ludayi?" Inna ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

A wani kashi dodon ya zauna shi kaɗai a bakin murhu, ya daɗe yana magana a hankali. Ƙasim ya rasa abin da zai sa masa, sai zuciyarsa ta riga shi. "Nuriyya," dodon ya ce, "ni ba ni da komai sai wannan tukunya. Amma in kin yarda ki zauna da ni, ba za ki taɓa kwana da ɓacin raina ba."

Ya yi niyyar gogewa, mai karɓar caji ya shigo, ya manta, ya tura.

Inna kuwa ba ta cin daɗi ita kaɗai. Ta sa aka tura wa maƙwabciya, maƙwabciya ta tura wa 'yan ajinsu na Islamiyyar matan aure. Kafin mako ya zagayo, rabin Kabo sun ji dodo na neman auren 'yar Malam Datti.

Mahbub, ɗalibin Malam wanda ya daɗe yana zagaye-zagayen Nuriyya bai samu fuska ba, shi ya kai wa Malam fim ɗin a waya har zaure.

Saƙonta ya iso da hantsi: "Baba ya ji. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai magana ta bakin aljani ba. Zai karɓe wayata. Mai Caji, me ya kai ka?"

Ƙasim ya rasa inda zai sa kansa. Fushi take ko kunya? Ta ƙi maganar ne, ko bakin da ta fito? Ya kira, waya a kashe. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in Malam ya rufe ƙofa ta rufu ke nan.

Ana haka aka aiko Malam na nemansa. Ya hau mota zuwa Kabo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Malam, barka da rana. An wuni lafiya? Ya ɗalibai?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Gwarzo? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Malam ya ajiye waya a kan buzu. "Na zauna na kalli abin nan tun daga farko, ina neman inda tsafin yake. Ka yanke wani wuri ne?"

"Wallahi ban yanke ba, Malam."

"To yaushe yake cin mutanen?"

"Ni ma abin da nake jira ke nan."

Malam ya shafa gemu, da alama shi ma abin ya ɗaure masa kai. "Ƙato kamar wannan, sai wanke-wanke. Ikon Allah." Ya dubi Ƙasim. "Na tambayi Nuriyya abin da ya faɗa a bakin murhu, tunda ita tana karanta Turancin. Ta ce bayanin jiƙa wake yake yi."

Ƙasim ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe tun ranar farko ta san ƙirƙira yake, ta ƙyale shi.

"Ke nan maganar taka ce."

"Tawa ce, Malam."

"Har da cewa ba za ta kwana da ɓacin ranka ba?"

"Har da ita."

"Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai, na kuma gane. Amma ni ban taɓa karɓar neman aure daga dabba ba. Kana da iyaye?"

"Ina da su."

"To su zo da bakinsu."

Bayan an kwashe amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Ana watsewa Malam ya riƙe hannun angon ya ce, "Allah ya ba ku gidan da babu abin da ke faruwa a cikinsa."

Ƙasim ya ce amin, amma ransa bai kwanta ba. Ya koma gefe ya rubuta: "Haskena, kin ji addu'ar da Baba ya yi mana? Har yanzu fushi yake da ni?"

Ya tura mata kalmomin kamar yadda aka faɗe su. Amsa ta ɗan jima kafin ta zo.

"Ka sa na ɓata kwalliyata da kuka. Duk abin da nake roƙo ke nan, mijina. Ka sake cewa amin."

Ya sake cewa amin, wannan karon da ƙarfi, har na kusa da shi suka taya shi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.